Ganyen Darbejiya da Ɓarɓashin Azurfa: Tarihin Wani Tsohon Magani a Kwalbar Man Shafawa

Man kaɗanya zalla yana iya shekara a cikin kwano bai yi funfuna ba. In ya daɗe ƙwarai ƙamshinsa zai juya, amma ƙwayoyin cuta ba sa samun masauki a cikinsa, domin babu ruwa. Man shafawa na kamfani kuwa, wanda ake matsowa daga roba fari fat, yawanci fiye da rabinsa ruwa ne, an dama shi da mai da sinadaran da aka tatso daga tsirrai. A wurin bakteriya wannan gona ce mai taki. Ga shi kullum ana tsoma masa yatsa, ana ajiye shi a ɗaki mai zafi, ana buɗewa ana rufewa wata da watanni. Shi ya sa kusan duk kayan kwalliyar da ke ɗauke da ruwa ba sa rasa wani sinadari kaɗan wanda aikinsa ɗaya ne: hana abin da ke cikin kwalbar ruɓewa.

Batun ya wuce na wari ko canjin launi. A shekarar 1977 masu bincike a birnin Atlanta na Amurka suka bayar da rahoton matan da gyambo ya fito musu a kan baƙin ido sanadiyyar maskara. Wata bakteriya mai suna Pseudomonas aeruginosa ce ta hayayyafa a cikin kwalbar, ɗan burushin shafawa ya karce ido, ita kuma ta samu ƙofa. Wasu daga cikinsu ganinsu bai dawo daidai ba. Tun daga lokacin masana'antar kwalliya ta san cewa sinadarin kariya, duk da shi ne mafi ƙanƙanta a jerin abubuwan da ke cikin kwalba, shi ne wanda in ya gaza ake kwana a asibiti.

Cikin shekaru ashirin da suka wuce an samu wani sabon ɗan takara a wannan fage: ɓarɓashin azurfa masu tsananin ƙanƙanta, waɗanda ake haɗawa da ruwan ganye. Ana tallata su da fuska biyu, ta zamani da ta gargajiya, a ce ga fasahar nano ga kuma albarkar tsirrai. Tarihinsu ya fi wannan tallar tsawo, kuma ya fi ta ban sha'awa.

Daga randar sarki zuwa idon jariri

Herodotus, marubucin tarihi na Girka a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ruwaito cewa Sarkin Farisa in zai fita yaƙi ba ya shan ruwan ko'ina sai na kogin Choaspes da ke ratsa birnin Susa. Ana tafasa ruwan, a zuba a tulunan azurfa, a ɗora a kekunan da alfadarai ke ja, su bi sarki duk inda ya nufa. Masu tallar azurfa na yau suna son wannan labari, sai dai sukan manta da tafasawar, wadda ita ce ta yi mafi yawan aikin. Mai karatu Musulmi kuma zai tuna cewa shari'a ta hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa, don haka a ƙasashen Musulmi azurfar ta fi tafiya ta wata hanyar. Maginan tukwane na Iraƙi a ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, sun ƙware wajen shafa wa tangaran wani haɗi na azurfa da tagulla, su gasa shi a wuta mai hayaƙi, ya fito yana ƙyalli kamar zinariya. Da masana suka duba waɗannan tangaraye da madubin ƙara girma na lantarki, sai suka tarar ƙyallin daga ɓarɓashin ƙarfe yake fitowa, masu girman da yau ake kira na nano. Maginan Basra da Bagadaza sun yi fasahar fiye da shekara dubu kafin a raɗa mata suna.

Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum ya kai wajen nanomita 80,000, alhali ɓarɓashin da ake magana a kansu ba sa wuce 100.

Shigar azurfa cikin likitancin zamani ta ƙofar ɗakin haihuwa ta kasance. A birnin Leipzig na Jamus akwai wani likitan mata, Carl Credé, wanda ya ga jarirai suna makancewa saboda ciwon sanyi da suke ɗauka daga iyayensu mata lokacin haihuwa. A 1879 Albert Neisser ya gano bakteriyar da ke haddasa ciwon. A 1881 Credé ya wallafa dabararsa: a ɗiga wa kowane jariri ɗigo ɗaya a kowane ido na ruwan naitiret ɗin azurfa, wato wani gishirin azurfa mai narkewa, a ƙarfin kashi 2 cikin 100. A asibitinsa yawan jariran da ke kamuwa ya faɗo daga kimanin kashi 10 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1. Ƙasashe da dama suka mayar da ɗigon doka. Da wuya a samu wata dabara mai arha irin wannan da ta tsare ganin yara masu yawa haka a ƙarni na 19.

Wani masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Karl von Nägeli, shi ya fara lura da wani abu da har yau shi ne ginshiƙin maganar. Ya ga gansakukar da yake nazari a kanta tana mutuwa a cikin ruwan da ya taɓa azurfa ko tagulla, ko da ƙarfen da ya narke a ruwan bai kai a auna shi da kayan aikin zamanin ba. An buga binciken a 1893, shekara biyu bayan rasuwarsa. Abin da ya gano shi ne cewa dunƙulen azurfa ba ya kashe komai da kansa. Ɗan abin da ke narkewa daga jikinsa ne ke yin kisan.

A 1889 kuma, a birnin Philadelphia, wani masanin kimiyyar sinadarai mai sha'awar ɗaukar hoto, Matthew Carey Lea, ya haɗa gishirin azurfa da gishirin baƙin ƙarfe da sitiret, ya samu ruwa mai launi wanda azurfar ke yawo a cikinsa ba ta kwanta ba. Shi a zatonsa wani sabon nau'in azurfa ya gano. Daga baya aka tabbatar ɓarɓashi ne da girmansu bai kai nanomita 10 ba. Akwai abin lura a nan: sitiret gishirin tsamin lemo ne, kuma a wancan zamani daga lemon tsami ake tatso shi, galibi na ƙasar Italiya. Ashe ɓarɓashin azurfa na farko da aka haɗa a ɗakin gwaji da taimakon ɗan itace aka haɗa shi.

Ba a daɗe ba abin ya zama haja. Daga 1897 wani kamfani a kusa da Dresden ya fara sayar da irin wannan ruwa da sunan Collargol, kuma Benno Credé, ɗan wancan likita na Leipzig, yana cikin waɗanda suka yaɗa amfani da shi a aikin tiyata. A farkon shekarun 1900 Albert Barnes da Hermann Hille suka fito da Argyrol a Philadelphia, azurfa ce da aka naɗe da furotin don kada ta yi zafi a ido kamar ɗigon Credé. Barnes ya yi dukiya da ita har ya tara zane-zanen Renoir da Cézanne da Matisse, taskar da har yanzu ake zuwa kallo a birnin. Ya sayar da kamfanin a 1929, 'yan watanni kafin kasuwar hannun jarin Amurka ta durƙushe.

Sai magungunan salfa suka zo a 1935, fenisilin ya biyo baya a shekarun 1940, aka tura azurfa gefe. Ɗakin masu ƙuna ne ya riƙe ta. A 1965 Carl Moyer ya dawo da ruwan naitiret mai ƙarfin rabin kashi 1 cikin 100 don jiƙa bandejin ƙuna, a 1968 kuma Charles Fox na Jami'ar Columbia ya haɗa azurfa da maganin salfa ya samar da farin man ƙuna da har yau ake gani a asibitoci.

Tsawon wannan tarihi an koyi darussa biyu masu ɗaci. Na farko, azurfar da ta shiga jiki da yawa ba ta fita. Tana taruwa a fata, rana ta buge ta, mutum ya koma launin toka mai shuɗi-shuɗi har ƙarshen rayuwarsa. Wani ɗan siyasa a jihar Montana, Stan Jones, ya fara shan ruwan azurfar da yake haɗawa a gida a 1999, don tsoron cewa rikicewar kwamfutoci a shigowar shekarar 2000 za ta jawo ƙarancin magani. Da launin tokar ya tsaya takarar majalisar dattawa a 2002 da 2006. A 1999 ɗin ne kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa ruwan azurfar da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, ba a tabbatar da amfaninsa ko amincinsa ba. Darasi na biyu ya zo ne a 1975, lokacin da aka bayar da rahoton wata bakteriyar Salmonella da azurfa ba ta kashewa a ɗakin masu ƙuna na babban asibitin Massachusetts a Boston. Majinyata uku suka mutu, aka rufe ɗakin. A 1999 aka tantance ƙwayoyin gadon da ke ba bakteriyar wannan tauri, kuma, kamar da gangan, sunan malamin da ya jagoranci aikin Simon Silver, wato Azurfa.

Yadda kasuwa ta buɗe

Azurfa ba za ta kama hanyar kantin kwalliya ba da a ce tsofaffin masu gadin kwalbar ba su shiga uku ba. Tun shekarun 1920 ake amfani da wasu sinadarai da ake kira faraben. Suna da arha, ba su da wari, kaɗan ke isa, kuma mutane ƙalilan ne fatarsu ke ƙin su. A 2004 Philippa Darbre ta Jami'ar Reading a Ingila ta wallafa cewa ta samu faraben a cikin samfuran ƙarin nono na mata 20. Binciken bai nuna cewa faraben ne ya haddasa sankarar ba, bai ma gwada da lafiyayyen nama don kwatantawa ba, amma jaridu suka ɗauka, kasuwa ta tsorata. Tarayyar Turai ta hana nau'i biyar a 2014, ta rage ma'aunin wasu biyu, ta bar sauran. Kafin nan kuwa rubuta "babu faraben" a jikin roba ya riga ya zama abin da ke sayar da kaya.

An gudu ba a tsira ba. Kamfanoni da yawa suka koma ga wani sinadari da ake taƙaita sunansa da MI, sai ga likitocin fata a Turai da Amurka suna ganin ƙaiƙayi da kumburi sun yi yawa ba kamar da ba. Ƙungiyar likitocin borin fata ta Amurka ta ayyana shi a matsayin babban mai jawo borin fata na shekarar 2013, kuma daga 2017 Turai ta hana shi a duk man da ake shafawa a bari a jiki. Jerin sinadaran kariya da aka amince da su yana ta raguwa, masu saye kuma suna neman abin da za a ce musu daga tsirrai ya fito. A wannan gurbi ganye ya shigo.

Abin da ganye ke yi

Asalin binciken ba shi da alaƙa da kwalliya. A 1999 masu bincike a Uppsala ta Suwidin suka nuna cewa wata bakteriya da aka samo daga mahaƙar azurfa tana tara ƙarfen a jikinta ta mayar da shi ƙananan dunƙulaye. A 2003 Jorge Gardea-Torresdey na Jami'ar Texas a El Paso ya nuna cewa tsiron alfalfa yana zuƙar azurfa ta saiwa ya mayar da ita ɓarɓashi a cikin jikinsa. A shekarar dai, a ɗakin binciken sinadarai na ƙasa da ke Pune a Indiya, ayarin Murali Sastry ya gano ba a ma buƙatar tsiro mai rai: ruwan dafaffen ganyen furen jeraniyom ya isa. A 2004 suka maimaita da ganyen darbejiya, itacen nan ɗan asalin Indiya da aka kawo Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka, har ya zama inuwar titunan Maiduguri da Sakkwato da Maraɗi.

Sauƙin aikin shi ne sirrin yaɗuwarsa. A wanke ganye, a tafasa, a tace, a zuba ruwan cikin naitiret ɗin azurfa mai rauni. Cikin mintuna ko sa'o'i ruwan da yake garau zai koma rawaya, sannan ruwan kasa, alamar ɓarɓashin sun samu. Sinadaran da ke cikin ganyen, dangin waɗanda ke sa shayi da goro bauri, suna yin aiki biyu. Suna mayar da narkakkiyar azurfa ƙarfe, sannan su lulluɓe kowane ɓarɓashi don kada ya manne da ɗan'uwansa. Ba a buƙatar tsananin zafi, ba a buƙatar sinadarai masu guba irin waɗanda wasu masana'antu ke amfani da su. Wannan ya yi daidai da kiran da Paul Anastas da John Warner suka yi a littafinsu na 1998 na a riƙa haɗa sinadarai ta hanyar da ba ta ɓata muhalli.

Ga jami'o'in da ba su da kuɗin manyan na'urori, wannan ƙofa ce da ta buɗe. Indiya da Masar da Iran da Nijeriya duk suka shiga. A Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomoso, Farfesa Agbaje Lateef da abokan aikinsa sun yi amfani da kwanson goro da na koko, abubuwan da manomi ke zubarwa, suka haɗa ɓarɓashin azurfa, har suka gwada zuba shi a fenti don hana shi lalacewa. Wannan aiki ne na gaske, kuma mayar da shara abin amfani ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai sauƙin ya zo da illarsa. Takardun bincike sun yi ta fitowa bila adadin, kusan dukkansu zubi ɗaya: sabon ganye, tsohuwar hanya, da hoton farantin gwaji mai da'irar da bakteriya ba ta tsiro ba. Da wuya a rasa wani sanannen ganye da ba a tafasa don wannan ba.

Tsakanin farantin gwaji da kwalbar man shafawa kuwa akwai tafiya. Ma'aunin da masana'antu ke bi na ƙasa da ƙasa ya tanadi a zuba ƙwayoyin cuta iri biyar cikin man da gangan, bakteriya uku da yis ɗaya da funfuna ɗaya, a riƙa ƙirga su har kwana 28. A cikin man kuma azurfa tana gamuwa da abokan gaba. Gishiri yana kama ta, duk wani sinadari mai farar wuta yana ɗaure ta, haske yana baƙanta ta, wanda shi ne dalilin da ya sa aka yi shekaru ana ɗaukar hoto da ita. Launin ruwan kasan da ke faranta wa mai bincike rai yana ɓata farin mai. Ga kuma matsalar ganyen kansa: darbejiyar damina da ta rani ba ɗaya ba ne, ta Pune da ta Katsina ma haka, saboda haka girman ɓarɓashin yana canzawa daga tukunya zuwa tukunya. Kamfanin da ke cika roba miliyan yana buƙatar ta farko da ta ƙarshe su zama daidai.

Babbar tambayar ita ce me ke yin kisan. A 2012 ayarin Pedro Alvarez a Jami'ar Rice ta Amurka ya yi wani gwaji mai tsabta. Suka haɗa ɓarɓashin azurfa, suka ajiye su inda babu iskar oksijin ko kaɗan, ta yadda ba za su iya narkewa ba, sannan suka zuba wa bakteriya. Bakteriyar ba ta ko girgiza ba. Da aka bari iska ta shiga, ɓarɓashin suka fara sakin narkakkiyar azurfa, sai kisa ya dawo. Narkakkiyar azurfar ce ke manne wa farar wutar da ke cikin furotin na bakteriya, ta tsayar da numfashinta, ta huda bangonta. Ɓarɓashin rumbu ne kawai da ke sakin ta sannu a hankali, kuma ƙanƙantarsa na ƙara faɗin fuskar da ke sakin. Wannan shi ne abin da Nägeli ya gani a jikin gansakuka, wanda aka buga shekara 119 kafin nan.

Idan haka ne, kalmar "daga tsirrai" tana bayanin yadda aka ƙera ɓarɓashin ne, ba abin da aka ƙera ba. Ganye maƙeri ne a nan. Wuƙar da ya ƙera azurfa ce, daga ramukan haƙa na Meziko ko Sin ko Peru ta fito, aka narka ta da ruwan asid mai ƙarfi kafin ta haɗu da ganyen. Lulluɓin da ganye ya bari a jikin ɓarɓashi yana iya sauya saurin narkewarsa, wani lokaci ma ya ƙara nasa ɗan tasiri, amma ba ya sauke ko ɗaya daga tsofaffin tambayoyi: nawa ke shiga jiki, ina yake taruwa, ina yake zuwa bayan an wanke. Matan ƙasar Hausa sun san irin wannan ruɗi ta wata fuska, domin kwalli ma daga dutse yake, na Allah ne kamar yadda ake cewa, amma dutsen nasa galibi na darma ne.

Maganar taurin kan bakteriya ma ta dawo. An daɗe ana cewa ɓarɓashin nano suna kai hari ta hanyoyi da yawa lokaci guda, don haka bakteriya ba za ta saba da su ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Palacký da ke Olomouc a Jamhuriyar Cek suka nuna akasin haka. Bayan an yi ta ba E. coli da Pseudomonas ƙananan ma'auni a kai a kai, sai suka fara fitar da wani furotin mai danƙo da ke curo ɓarɓashin wuri ɗaya su zama dunƙule marar amfani. Abin dariyar shi ne maganin da masu binciken suka samo: ruwan ɓawon rumman, wanda ya hana fitar furotin ɗin. Ƙaramin ma'auni a kullum na tsawon lokaci kuwa shi ne ainihin yadda ake amfani da man shafawa, kuma azurfar nan ita ce dai wadda likitan ƙuna ke dogaro da ita.

A yi adalci: lafiyayyar fata ba ta barin azurfa mai yawa ta ratsa ta, kuma ma'aunin da ake sawa a kayan kwalliya bai kusa da abin da Stan Jones ya sha ba. Damuwar tana kan fatar da ta tsage ko ta yi ƙuraje, da man goge baki da ake iya haɗiyewa, da tarin shekaru.

Turai ce ta fara neman amsa a rubuce. Dokarta ta kayan kwalliya ta 2009, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a Yulin 2013, ta wajabta a rubuta kalmar nano a gaban duk sinadarin da ke da wannan girma, a kuma sanar da hukuma wata shida kafin a kai shi kasuwa. A 2018 kwamitin masana na Tarayyar ya duba bayanan da kamfanoni suka gabatar kan ɓarɓashin azurfa a man goge baki da na shafawa, ya ce giɓin da ke cikinsu ya yi yawa har ba zai iya cewa kayan na da aminci ba. Giɓin bai cike ba. A Maris 2024 aka fitar da doka mai lamba 2024/858, wadda ta haramta ɓarɓashin azurfa na nano a kayan kwalliya, tare da na zinariya da tagulla da filatinom. Daga 1 ga Fabrairun 2025 aka daina shigar da sababbi kasuwa, daga 1 ga Nuwamba kuma aka daina sayar da waɗanda suka rage. Dokar ba ta ware wanda aka haɗa da ganye daga wanda aka haɗa da sinadarin masana'anta ba.

Azurfar da Turai ta sa a jerin sinadaran kariya da ta amince da su ta tsohon zubi ce, wato gishirinta, kuma da awo. Akwai kuloraid ɗin azurfa da aka ɗora a kan farar hodar titaniyom, wanda ba a yarda ya wuce kashi 0.004 cikin 100 ba, akwai kuma wanda aka ƙara a 2014, haɗin azurfa da sitiret, tsamin lemon nan da Carey Lea ya zuba a kwalbarsa a Philadelphia.